Yadda ake ɗora OpenWrt a akwatin wifi na gida

Manhajar da kamfani ke sakawa cikin akwatin wifi ba kasafai take nuna wa ke shanye megan gida ba, kuma da akwatin ya tsufa sai a daina sabunta ta. OpenWrt manhaja ce ta kyauta da aka gina kan Linux tun 2004. Ita ake ɗorawa a madadin ta kamfanin.

Juya akwatin ka karanta takardar da ke manne a ƙasansa. Suna kaɗai bai isa ba, sai da lambar zubi: Archer C7 v2 daban, v5 daban, kowanne da fayil ɗinsa, kuma ɗora na wani a kan wani na iya kashe akwatin. Akwati mai ma'ajiyar mega 4 da RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta wucin gadi) mega 32, irin tsofaffin TL-WR841N, an daina yi masa sabuwar OpenWrt bayan zubi na 19.07, kada ka wahalar da kanka. Nemi mai ma'ajiyar mega 16 da RAM mega 128. Akwatin 4G da kamfanonin waya ke sayarwa galibi ba ya karɓa. Bar shi yadda yake, ka jona naka a bayansa.

A shafin firmware-selector.openwrt.org ka rubuta sunan akwatin. Fayil mai kalmar factory shi ne na karon farko, mai sysupgrade kuwa na sabuntawa ne daga baya. Guji snapshot, wato zubin gwaji, ba ya zuwa da shafin saiti.

Sai maganar wuta, wadda a Damagaram ita ce babban haɗari, balle lokacin bazara. Ɗorawar ba ta wuce 'yan mintoci, amma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, akwatin ba zai tashi ba. Jona shi a batirin sola ko wani abin da ke riƙe wuta. Haɗa kwamfuta da ramin LAN na akwatin ta kebul, ba ta wifi ba. Shiga shafin saitin akwatin a burauza, a TP-Link adireshinsa 192.168.0.1, je wurin sabunta manhaja, zaɓi fayil ɗin, sannan ka janye hannu har fitilu su natsu.

Yanzu adireshin ya koma 192.168.1.1, sunan shiga root, babu kalmar sirri, don haka ita za ka fara sakawa. Wifi a kashe yake zuwa, ba lalacewa ya yi ba: a Network, Wireless ka zaɓi ƙasa NE, wato Nijar, ka sa tsarin tsaro na WPA2 da kalmar sirri, ka kunna. Lokaci kuma Africa/Niamey. In akwatin 4G ɗinka shi ma 192.168.1.1 ne, intanet ba za ta wuce ba don adireshin ya yi karo. Mayar da naka 192.168.2.1.

In ka ɓata saiti har ka kasa shiga, sake kunna akwatin, ka danna reset lokacin da fitila ta fara ƙiftawa da sauri. Ba kwamfuta adireshin 192.168.1.2, shiga akwatin ta ssh, wato hanyar ba shi umarni a rubuce daga kwamfuta, rubuta firstboot don saiti ya koma na farko, sannan reboot.

Ribar tana System, Software, inda ake sauke ƙarin manhajoji. Sabunta jerinsu, ka sauke luci-app-sqm, mai daidaita rabon gudun intanet. Auna gudun layinka bayan Isha'i, lokacin da kowa ke kai, ka rubuta kashi 85 cikin ɗari na abin da ka samu a saitin SQM ɗin. Da haka bidiyon yara ba zai riƙa katse kiran WhatsApp ba. Shi kuma luci-app-nlbwmon yana lissafa megan da kowace waya ta ci, har ta maƙwabcin da aka ba kalmar sirri tun bara. Sai dai a RAM yake ajiye lissafin, kowace ɗaukewar wuta ta share shi. In akwatin na da ramin USB, sa ƙaramar ma'ajiya, sauke block-mount da kmod-usb-storage da kmod-fs-ext4, ka mayar da wurin ajiyar can.