Yadda Ake Gano Dalilin Shirun Wakilin Sa-ido a Kan Sabar, Tun Kafin a Ɗora Mutum a Hanya

Wata safiya, a allon manhajar sa-ido ta Zabbix, alamar ZBX da ke nuna ko ana jin ɗuriyar sabar (kwamfutar da ke riƙe bayanai) reshenmu na Talata Mafara ta koma ja, saƙon gargaɗi ya shigo wayoyinmu cewa ba a jin ɗuriyarta. Ba mu tsaya bincike ba, muka tura wani ƙanenmu a wurin aiki ya hau mota daga Gusau ya je ya duba. Ya isa ya tarar da sabar tana aikinta lafiya lau, ma'aikata na ta shigar da bayanai. Abin da ya faru kawai shi ne adireshin babbar sabar sa-ido ya canja, wakilin da ke can, wato manhajar da ke kai mata rahoto, bai san da sabon ba, sai ya ƙi amsa mata. Gyaran layi ɗaya ne, da an yi shi daga kan kujera. Duk mutumin Zamfara ya san tura ɗan wani a kan hanyoyinmu ba ƙaramin abu ba ne, kuma tun daga ranar na ɗauki alkawarin ba wanda zai sake tafiya sai an bi waɗannan matakai.

Wakili wata ƙaramar manhaja ce da ake girkawa a kan kowace sabar don ta riƙa kai rahoton zafin aiki, cikar faifai da yawan ƙwaƙwalwar da aka ci. Zan yi misali da Zabbix, wadda Alexei Vladishev ya fito da ita a 2001, kamfaninta kuma yana Riga ta ƙasar Latbiya, domin kyauta ce kuma ita na fi sani. Jar alama tana nufin rahoto ya daina zuwa ne kawai. Ko maigadi ne ya yi barci, ko gidan ne ya rushe, wannan sai an bincika.

Mataki na farko: tabbatar sabar tana raye. Gwada ping, umarnin da ke duba ko na'ura tana amsawa, zuwa adireshinta, sannan ka gwada shiga ta ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa. In babu ko ɗaya, kira wani a reshen ka tambaye shi ko an ɗauke wuta, ko inbata ta ƙare, ko datar rawuta, na'urar da ke raba intanet, ta ƙare. Kiran minti ɗaya ne, kuma a wurinmu sau da yawa nan maganar take ƙarewa.

In ka samu shiga, mataki na biyu shi ne ka tambayi wakilin kansa. Rubuta systemctl status zabbix-agent, ko zabbix-agent2 in sabon wakilin nan ne da aka rubuta da yaren manhaja Go wanda ya zo tare da fitowa ta 4.4. In ya nuna ya tsaya, kada ka yi gaggawar tayar da shi. Fara karanta abin da ya rubuta kafin ya mutu, da tail -n 50 /var/log/zabbix/zabbix_agentd.log da kuma journalctl -u zabbix-agent. Wanda ya tayar da wakili bai karanta kundinsa ba, gobe ma za a tashe shi da dare a kan matsala ɗaya. Abubuwa uku na fi gani a nan. Faifai ya cika, wanda df -h zai nuna maka, ka haɗa da df -i domin wani lokaci akwai fili amma guraben ajiye bayanan kowane fayil sun ƙare. Ko an girka tsohon wakili da sabo tare suna rigima a kan ƙofa ɗaya, wato lambar da saƙo ke shigowa ta cikinta, sai ka kashe guda. Ko kuma ba a taɓa yi masa systemctl enable ba, saboda haka duk lokacin da wuta ta dawo sabar ta tashi, shi ba ya tashi. A ƙasar da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, wannan na ukun ya isa ya hana ka barci har wata guda.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi cancantar a zauna a kansa, domin a nan yawancin ruɗani yake. Wakilin Zabbix yana aiki ta hanya biyu. A ta farko yana zaune ne yana jira a ƙofa mai lamba 10050, babbar sabar ce take zuwa ta tambaye shi. A ta biyu shi ne yake tashi ya je ƙofa 10051 ta babbar sabar, ya karɓi jerin abin da ake so ya auna, ya riƙa kai sakamako da kansa. Buɗe /etc/zabbix/zabbix_agentd.conf ka dubi layuka uku. Layin Server= shi ne jerin adireshin waɗanda aka yarda su tambaye shi; wanda ba ya ciki, wakili zai rufe masa ƙofa, kuma a kundi za ka ga kalmomin "rejected, allowed hosts" tare da adireshin da aka kora. Abin da ya same mu a Talata Mafara ke nan. Layin ServerActive= shi ne inda zai kai rahoto da kansa. Layin Hostname= kuwa dole ya zo daidai harafi da harafi da sunan da aka rubuta a allon Zabbix, har da manya da ƙananan baƙaƙe. In ka rubuta Mafara-01 a can ka rubuta mafara-01 a nan, kundi zai ce "host not found", kuma ba abin da zai iso. Wani kuskuren da ke yawan faruwa shi ne a kwafi sabar guda a yi ta biyu da ita, sai su biyun su riƙa kai rahoto da suna ɗaya, zanen awo ya riƙa tsalle sama da ƙasa kamar mai zazzaɓi.

Ga shawarata ga duk mai rassa a ƙananan hukumomi: koma hanya ta biyu. Rassan da ke samun intanet ta rawuta mai layin waya galibi ba su da adireshin kansu da za a iya riska daga waje, suna raba guda ne da ɗimbin jama'a. Babbar sabar ba za ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofa 10050 a irin wannan wuri ba, komai gyaran da ka yi wa katangar tsaro, wato manhajar da ke tace saƙonnin da ke shiga da fita. Amma wakili yana iya fita ya kai rahoto, in dai ita babbar sabar tana da tsayayyen adireshi. Sai dai ka tuna ka sauya samfurin awon da ke allon zuwa wanda aka yi wa laƙabi da active, in ba haka ba babbar sabar za ta ci gaba da jiran amsar tambayar da ba ta isa ba.

Mataki na huɗu, gwada hanyar da ke tsakaninsu. Daga babbar sabar rubuta zabbix_get -s sannan adireshin sabar reshen, sannan -k agent.ping. In ya dawo da 1, hanya a buɗe take. In ya ce an ƙi haɗi nan take, ka isa gidan amma ba kowa a ƙofa, sai ka koma ka duba ss -tlnp ka ga ko wani abu na sauraro a 10050. In kuwa ya yi shiru har lokaci ya ƙare, katangar tsaro ce ke haɗiye saƙon ko hanyar ce ta yanke. A Ubuntu ufw status zai nuna maka, a dangin Red Hat kuma firewall-cmd --list-ports. Ka buɗe ƙofar ga adireshin babbar sabar kaɗai. A dangin Red Hat ɗin akwai kuma SELinux, wani tsarin tsaro da ke iyakance abin da kowace manhaja za ta iya yi. Duba ausearch -m avc ka ga abin da ya hana, ka ba da izinin wannan abin. Kashe SELinux gaba ɗaya don wakili ya yi magana daidai yake da cire ƙyauren gida saboda makulli ya cije, kuma ba na yarda a yi shi a kan sabar da ke riƙe da bayanan mutane. In sabar Windows ce, Test-NetConnection tare da -Port 10051 zai yi maka wannan gwajin daga ɓangaren reshe.

A layi mai rauni, ɗaga Timeout, wato lokacin jiran amsa. Asalinsa daƙiƙa 3 ne, ana iya kai shi har 30. Ni nakan sa 10 a rassan da ke nesa, a ɓangarorin biyu.

Mataki na biyar mutane kan manta da shi: agogo. Tsofaffin kwamfutocin da muke saye na hannu sau da yawa ɗan batirin da ke riƙe musu lokaci ya riga ya mutu, kuma da zarar wuta ta ɗauke sai su farka a wata shekarar daban. Wakilin da ke kai rahoto da kansa yana buga wa kowane awo lokacin agogonsa, saboda haka bayanan suna isowa amma suna faɗawa can baya inda ba ka dubawa, kai kuma ka ga zane fayau. In kana amfani da takardar shaidar TLS, wadda ake tsare sadarwa da ita, ita ma za a ƙi ta. Duba timedatectl da chronyc tracking, sannan ka sa a canja batirin CR2032 a zuwa na gaba.

Akwai kuma yanayin da alama kore ce amma wasu awo na cewa ZBX_NOTSUPPORTED. Wakili yana gudu ne da sunan mai amfani zabbix, wanda ba shi da ikon karanta komai da komai. Gwada sudo -u zabbix zabbix_agentd -t tare da mabuɗin awon, za ka ga ainihin ƙorafinsa. Gwaji da root, mai amfani mai cikakken iko, yaudara ce, domin root ba a hana shi komai. Ka kuma sani tun daga fitowa ta 5.0 an toshe system.run, mabuɗin da ke sa wakili gudanar da umarni, sai ka buɗe shi da AllowKey, kuma in za ka buɗe, ka ambaci umarnin da kake so shi kaɗai.

Da ka gano gyaran, kada ka bi sabar ashirin ɗaya bayan ɗaya kana yi da hannu, nan ne ake samun harafi guda ya bambanta. Yi amfani da Ansible, manhajar saita sabar da yawa lokaci guda, wadda Red Hat ta saya a 2015; ba ta bukatar wakili, ta ssh take shiga. Jera sabar ɗinka a fayil guda rukuni-rukuni, ka yi samfuri ɗaya na fayil ɗin saiti wanda zai ɗauki Hostname daga sunan da ke jerin. Fara da --check --diff don ka ga abin da zai canja ba tare da an taɓa komai ba, sannan --limit a kan sabar guda da ke kusa da kai a Gusau, wadda in ta lalace za ka taka da ƙafa ka gyara. Sai ta yi kyau ka saki sauran. Rassan da ba a iya riska daga waje kuwa, haɗa su da WireGuard, manhajar da ke buɗe keɓaɓɓiyar hanya tsakanin kwamfutoci, tukuna, shi ne zai ba ssh hanyar shiga.

Reshen da ke da sabar fiye da biyu ko uku, a ajiye masa Zabbix proxy a ciki. Shi ne zai tattara rahoton wakilan wurin ya adana, in layi ya dawo ya tura. Saitin ProxyOfflineBuffer asalinsa awa 1 ne, amma yana kaiwa awa 720, wato kwana 30. Mu da muka ga watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar nan har tsawon makonni, mun san awa ɗaya ba ta isa komai ba. Ɗaga shi, ka tabbatar faifan yana da filin ɗaukar abin da zai taru, sannan a allon Zabbix ka ɗaura gargaɗin sauran sabar reshen a kan na rawutarsu, yadda in layin Gummi ya yanke saƙo ɗaya zai shigo wayarka maimakon goma sha biyar.