Darasi na 9: Ƙarin Dubura da Inda Ya Kai

Duk wanda ya taɓa wanke kayan ciki ranar layya ya san hanji, ya kuma san kitsen da ke manne a jikinsa, wanda sai an sa yatsa an ɗaye. Cikin ɗan Adam ma haka yake. Ƙarshen babban hanji shi ne dubura, tsawonta kamar santimita 12 zuwa 15. Kitse ne ya kewaye ta, shi kuma wani tantani siriri ya naɗe shi kamar leda.

Ciwon dajin dubura daga ciki yake tasowa, a fatar da bayan gida ke bi. Yana cin bangon hanji a hankali. Ya huda fatar, ya shiga naman bangon, in an ƙyale shi ya faɗa cikin kitse. Shi ya sa girman ƙarin ba shi ne babbar damuwar likita ba. Tambayarsa ita ce, ina ya kai?

In bai wuce naman bango ba, sau da yawa tiyata kan raba mutum da shi. Da hoton MRI, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka, ake ganin ko ya kutsa kitse, a kuma auna zurfinsa. Wanda ya nutsa fiye da milimita 5 ya fi haɗari, alhali milimita 5 ko faɗin farcen ƙaramin yatsa bai kai ba. Dalili kuwa, cikin kitsen nan akwai jijiyoyin jini da ƙananan kaluluwa. Nan ne ciwon ke samun hanya ya tafi hanta ko huhu.

A 1982 wani likitan tiyata a Ingila, Bill Heald, ya bayyana dabarar cire dubura tare da kitsenta gaba ɗaya, ba tare da an fasa tantanin ba. Wannan ya rage dawowar ciwon sosai. Bayan aiki akan kai abin da aka cire ɗakin gwaji. Ana so a duba kaluluwa aƙalla 12, a kuma auna tazarar ƙarin da gefen yanka. In tazarar milimita 1 ce ko ƙasa, ciwon ya fi saurin tsirowa a gurbinsa. In hoto ya nuna ƙarin ya matso tantani, akan fara da gashi, wato ƙona ƙarin da haske mai ƙarfi na na'ura, sau da yawa tare da maganin daji, kafin a yi aiki. Da yawa da sun ji kalmar gashi sai su tattara su koma gida, nan kuwa ake yin asarar watanni.

A Bauchi, jini a bayan gida sunansa ɗaya a bakin mutane: basir. Sai a yi shekara ana shan jiƙo, ƙari na can yana haƙa. In jinin ya ƙi tsayawa, ko kana yawan jin bayan gida bai gama fita ba, ko kana ramewa, je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a duba ka. Da yatsa kawai likita kan taɓo ƙarin da ke kusa da ƙofa. Kunyar minti biyu ce.

Aikin aji: a ce ka raka Baba asibiti. Rubuta tambayoyin nan a littafinka, ka karanta wa na kusa da kai da ƙarfi. "Likita, ya shiga kitse? Ya taɓa kaluluwa? Gefen yankan ya fita tsaf?"