Yadda Ake Amfani da Kalmar "Husband" Daidai

Kalmar "husband" a Turanci tana nufin miji, kuma sharaɗin amfani da ita shi ne an riga an ɗaura aure. Saboda haka, kafin ka sa ta a wasiƙa ko a zance, fara duba inda maganar auren ta tsaya. Wanda aka yi wa baiko ana kiransa "fiancé", ango a ranar biki kuma "groom" ne, sai bayan an shafa fatiha ne ya zama "husband". Idan aure ya mutu a ce "ex-husband", idan kuma mijin ya rasu a ce "late husband".

Wajen furuci, harafin "s" ɗin yana fita ne da sautin "z", kamar a ce hazband.

Asalin kalmar daga tsohon harshen mutanen Sikandinebiya yake, inda "hús" ke nufin gida, "bóndi" kuma mai zaman gidan da ke riƙe da shi, wato dai kusan abin da Bahaushe ke nufi da maigida. Sai dai a nan ne ake yawan tuntuɓe, domin maigida a Hausa ya fi "husband" faɗi nesa ba kusa ba. Matar da ke jin kunyar ambaton sunan mijinta ta ce maigidana, to wannan "my husband" ne. Amma yaron shago da ya ce maigidana ya tafi kasuwar Kwari, "my boss" yake nufi, kuma idan ya yi kuskure ya ce "my husband", duk wanda ya ji sai ya yi dariya. Haka nan kakar da ke kiran jikanta mijina wasa take yi, kuma Bature ba zai gane wannan wasan ba sai an yi masa bayani.

A takardun hukuma, irin su fom ɗin biza ko na banki, galibi "spouse" za ka tarar, wadda ta haɗa miji da mata, don haka mace ta rubuta sunan mijinta a wannan gurbin. Ita kuwa "hubby", wato "husband" a taƙaice, ta hira ce da saƙon waya, bai dace a sa ta a takardar aiki ba.

Kalmar tana zuwa a matsayin aikatau ma, da ma'anar tattali, kamar yadda ake cewa "husband your resources", wato ka tattala abin hannunka. Daga wannan tushen ne aka samu "animal husbandry", kiwon dabbobi da ake koyarwa a kwalejojin aikin gona.