Fetur ko gas? Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin babbar jif ta hannu

Duk wanda ya je wajen dillalan motoci yana duba Land Cruiser ko Prado ko Range Rover ta hannu, abin da yake fara tambaya shi ne, "Yaya shan manta?" Dillali kuma da amsarsa a baki. In mai gas ce, wato dizal, sai ya ce, "Alhaji, ai wannan shinshinar mai take yi." In mai fetur ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ta san hanyar gareji ba." Kowace magana akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma bai kamata mutum ya zuba miliyoyinsa a kanta ba. Abin yana damuna, domin na sha ganin mota mai daraja an lulluɓe ta da tamfol a ƙofar gida, mai ita yana jiran ranar da zai haɗa kuɗin gyara.

Kuskuren farko shi ne kallon farashin lita a allon gidan mai. Shekaru da yawa gwamnati na biyan tallafi a kan fetur, gas kuwa an sakar wa kasuwa shi tun tuni, don haka kowa ya taso da sanin cewa gas tsada gare shi. Tun da aka cire tallafin a ranar 29 ga Mayu, 2023, tazarar ta ragu ƙwarai, kuma kullum motsi take yi. Abin da ya kamata ka lissafa shi ne kuɗin da kilomita 100 za ta ci maka. Mu ƙaddara, don misali kawai, jif mai fetur tana shan lita 18 a kilomita 100, 'yar uwarta mai gas tana shan 13. Mu ƙaddara fetur naira 1,000, gas naira 1,200. Ta farko ta ci 18,000, ta biyu 15,600. Ka ga duk da tsadar litarta, mai gas ta rage maka 2,400. Ka cire waɗannan alƙaluma ka sa farashin garinku na yau da ainihin shan man motar da kake so. Ainihin kuwa ba a bakin dillali ake jin sa ba: a cika tanki, a yi tafiya, a sake cikawa, a raba litar da ta shiga da nisan da aka yi, a ninka da 100.

Daga nan sai kuskuren da ya fi kowanne yawa, mutum bai san nisan da yake yi a shekara ba. Wanda zirga-zirgarsa gida zuwa ofis ce, sai masallacin Juma'a da ɗaurin aure, wataƙila kilomita 8,000 yake yi. A lissafinmu na sama, ribarsa ta shekara guda naira 192,000 ce, kuɗin da gyara ɗaya na injin gas zai lamushe har ya nemi ciko. Ɗan kwangilar da ke Kano yau, gobe Abuja, jibi Maiduguri, yana iya yin kilomita 40,000, tasa ribar ta kai 960,000. Wannan shi gas ke yi wa rana. In kai ɗan cikin gari ne, shawarata kai tsaye ita ce ka sayi mai fetur ka huta.

Gas ɗin yanzu ba irin na da ba ne

A nan mutanenmu suka fi ƙonewa. Sunan da injin gas ya yi na juriya, tsofaffin injina ne suka samo masa shi, irin 1HZ mai lita 4.2 da ke cikin Land Cruiser ɗin da ke keta rairayin Agadas. Wancan famfonsa na ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta, yana haƙuri da mai ko da ba shi da kyau sosai. Amma V8 mai lita 4.5 da ke cikin Land Cruiser 200, da mai lita 3.0 ko 2.8 na Prado, da TDV6 na Range Rover Sport da Discovery, wani jinsi ne daban. Famfonsu yana matsa mai da ƙarfin da ya haura 1,500 a ma'aunin matsi da ake kira bar, ya feso shi ta ƙofofin nozul da suka kusa sirantar gashin kai. Kuma man ne da kansa yake zame wa famfon da injektocin, wato masu fesa man cikin inji, abin santsi. Ruwa kaɗan, ko ƙura, ko gas ɗin da aka gauraya da kalanzir, ya isa ya fara cin su.

Na taɓa tsayawa a kan wani bakanike yana kwance ƙasan filtar man wata Prado. Ya tara gorar ruwa da ya yanke wa kai, ya murɗa ɗan makunnin da ke ƙasa. Da abin ya natsa, sai ga gas a sama, ruwa mai launin shayi ya kwanta a ƙasa kamar kaurin yatsa biyu. Ya ɗaga gorar ya nuna wa mai motar, ya ce, "Yallaɓai, fitilar nan ta daɗe tana kunnuwa a dashbod, ko?" Mai motar ya ce kusan wata guda, direba ya ce masa waya ce ta taɓa. Man kuwa a jarka aka saye shi a bakin hanya, ranar da dare ya yi musu. Injekta huɗu aka canza. Da V8 ce, takwas ne, kuma kowanne sai an shigar da lambarsa cikin kwamfutar motar.

Gyaran wannan kuskure ba shi da tsada. Ka tsayar da gidan mai ɗaya ko biyu masu yawan ciniki. Ka guji 'yan bumburutu ko da za ka kwana a hanya. Filtar mai ta asali, a canza ta kafin lokacin da littafin motar ya faɗa, kuma a riƙa ɗaukar guda a cikin but. Fitilar ruwa in ta kunnu, a tsaya a tsiyaye shi a ranar. In kuma yaron gidan mai ya yi kuskure ya zuba maka fetur, kada ka murɗa makulli ko sau ɗaya, a ja motar a wanke tanki.

Wace ƙasa aka ƙera wa motar?

Mutane suna tambayar shekarar mota, ba sa tambayar kasuwar da aka yi ta dominta. Jif ɗin da suka fito daga Amurka, irin su Lexus LX 570 da GX 460, kusan dukkansu fetur ne. Masu gas daga Turai ko ƙasashen Larabawa suke zuwa, kuma bambancinsu babba ne. Ta Turai da aka yi daga wajajen 2011 tana ɗauke da matatar baƙin hayaƙi a cikin salansa, wadda ake kira DPF, daga wajajen 2015 kuma da yawansu sun ƙara da tankin AdBlue, ruwan da ke rage gubar hayaƙi. Matatar nan tana ƙone dattin da ta tara ne in mota ta yi doguwar tafiya salansa ya ɗau zafi sosai. Motar da kullum tana cikin cunkoso da esi a kunne ba ta samun wannan damar, sai matatar ta toshe, mota ta ƙi ja. Ga kuma batun salfa, wato farar wuta: an tsara injinan ne don gas ɗin Turai da bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, mu kuwa a baya an daɗe ana halatta wanda ya ninka haka sau ɗaruruwa. Saboda haka ka ba da lambar shasi a duba maka asalin motar kafin ka biya ko sisi.

Kuɗin sabis ma ana mantawa da shi. V8 ɗin gas na Land Cruiser yana shan baƙin mai kusan lita 9, na fetur mai lita 5.7 kuwa 7 da rabi, kuma mai DPF sai baƙin mai na musamman mai ƙarancin toka. Prado mai lita 3.0 da TDV6 bel ne ke riƙe da taimin ɗinsu, yana da wa'adi, in ya tsinke injin ya tafi. Sannan ka tambayi kanka wa zai gyara maka. Kayan Toyota mai fetur za ka same su a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko Apo ta Abuja a yini ɗaya. Injektan Range Rover sau da yawa sai an aika Legas ko Dubai, kuma gwanin gyaran tirela ba lallai ya iya da shi ba.

Masu fetur su ma suna da nasu. Wasu suna sayen Prado mai lita 2.7 da zaton ƙaramin inji ba ya shan mai, alhali gangar jikin ta fi tan biyu, dole ka yi ta danna totur. Wasu kuma motar na sauka sai a cire mata tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, wai don zafin ƙasarmu, a haɗa fanka kai tsaye. Injin da bai kai zafinsa ba kwamfuta ƙara masa mai take yi, kai ne kake biya a kowane tanki. Ka bar tamostat a wurinsa, ka kula da lagireto. Taya, birki da balan-balan ɗin da ke ɗaga Range Rover kuwa, kuɗinsu ɗaya ne ko wane mai take sha.

Ka tuna da ranar sayarwa tun ranar saye. A Najeriya jif mai fetur ta fi saurin samun mai so, mai gas takan daɗe a wajen dillali, kuma mai jira shi ke rage farashi.

Ranar da za ka je dubawa, ka tafi da sassafe, ka ce kada kowa ya tayar da ita kafin ka iso. Ka ɗora hannu a kan injin ka ji sanyinsa, sannan a kunna, kai kana tsaye a bayan salansa. Farin hayaƙi ko shuɗi da ya ƙi ɗaukewa, ko inji yana karkarwa, alama ce ta injekta ko turbo. A sa mata kwamfuta a karanta aikin kowane injekta ɗaya bayan ɗaya. In ta Amurka ce, lambar da ke agogonta mil ce, ka ninka ta da 1.6: wadda ta nuna 120,000 ta yi kilomita 192,000 ke nan.