Lambar E14 a injin wanke-wanke na Bosch: yadda ake bin sawun matsalar ma'aunin ruwa

Idan injin wanke-wanke na Bosch ya fara jan ruwa, ya tsaya bayan ɗan lokaci, ya zubar da abin da ya ja, sannan E14 ta bayyana a fuskarsa, abin da yake faɗa shi ne ya kasa ƙirga ruwan da ke shigarsa. Haka lambar take a injunan Siemens da Neff, domin duk kamfani ɗaya ne ke ƙera su, wato BSH mai hedikwata a birnin Munik na Jamus. Kada a rikita ta da E15, wadda ke nufin ruwa ya yoyo ya taru a gindin injin, ko E24 da E25 da suka shafi fitar ruwan datti. Ita E14 maganar shigar ruwa ce, kuma shawarata ita ce a binciki ruwan gidan tukuna kafin a kwance ko kusa ɗaya a jikin injin.

Dalilin wannan shawara yana cikin yadda ma'aunin yake aiki. A hanyar da ruwa ke bi ya shiga injin akwai wata 'yar farfela ta roba da aka dasa wa ɗan maganaɗisu, kuma a gefenta, ta waje inda ruwa ba ya taɓawa, akwai wani ɗan makunni: siririn bututun gilashi mai ɗauke da ƙarafa biyu sirara kamar gashi. Duk lokacin da ruwa ya juya farfelar, maganaɗisun ya gifta, ƙarafan nan biyu sukan haɗu su rabu, ƙwaƙwalwar injin kuwa tana ƙirga wannan haɗuwa da rabuwa har ta san lita nawa ta shiga. Masu sayar da kayan gyara suna kiran farfelar da gidanta fulo mita, makunnin kuma rid suwic. Saboda haka ƙirgar tana iya ɓacewa ta hanya uku: ko ruwan bai da ƙarfin juya farfelar yadda ya kamata, ko farfelar ta maƙale, ko makunnin da wayarsa sun daina kai saƙo.

Da farko a danne maɓallin farawa na kimanin daƙiƙa 3 domin a soke wankin da ya tsaya, a jira injin ya gama zubar da ruwa, a kashe shi, a zare fuloginsa daga soket na 'yan mintuna, sannan a sake gwadawa. Wani lokaci ɗaukewar wuta a tsakiyar jan ruwa, ko sauyawa zuwa janareta, ita ce ke rikita ƙirgar. Idan lambar ta dawo, sai a koma kan famfo.

Littafin da ke zuwa da waɗannan injuna yana neman ƙarfin ruwa daga bar 0.5 zuwa bar 10 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa), da kwararar da ba ta gaza lita 10 a minti ɗaya ba. A nan ne gidajenmu da yawa suke samun cikas, domin an ƙera injin ne da tunanin ruwan famfon gari mai ƙarfi, mu kuwa galibi daga rijiyar burtsatse muke tura ruwa zuwa tanki, daga tanki ya gangaro da nauyinsa. Lissafin mai sauƙi ne: tsayin mita 10 na ruwa shi ke ba da kusan bar 1, don haka ana buƙatar ruwan tanki ya fi bakin famfon injin tsayi da aƙalla mita 5 kafin a kai mafi ƙarancin abin da ake nema. Tankin da aka ɗora a kan ƙarfe mai tsayin mita 3 ba zai kai ba, balle idan ruwan cikinsa ya yi ƙasa, ko ana wanka a banɗaki a daidai lokacin. Gwajin ba ya buƙatar komai sai bokiti da agogo. A rufe famfo, a kwance mesar injin daga bakinsa, a tara bokiti mai cin lita 10, a buɗe famfon gaba ɗaya. Idan minti ya cika bokitin bai cika ba, maganin yana wajen mai aikin famfo: ko a ɗaga tanki, ko a sa ɗan injin ƙara ƙarfin ruwa a layin ɗakin girki.

Tun da an riga an kwance mesar, sai a leƙa bakinta. Akwai wata 'yar raga da aka cusa a ciki domin tace ruwa, ana zaro ta a hankali da filaya mai tsinin baki. Na taɓa zaro irin wannan raga a gidan yayata kwana biyu bayan an wanke musu tanki, na same ta cike da jan yashi mai laushi har ya daskare kamar laka, ko haske ba ya ratsa ta. Wani mai gyara ya riga ya ce musu ƙwaƙwalwar injin ce ta ƙone, alhali tsohon buroshin haƙori da ruwa ne suka gama aikin cikin mintuna kaɗan. Abin ya daɗe yana damuna, domin kuɗin da suka kusa kashewa ba kaɗan ba ne. Idan ragar ta yi farin ɓawo irin wanda ake gani a gindin butar dafa ruwa, a jiƙa ta a ruwan khal kafin a goge. Kada a mayar da mesa babu raga, domin yashin da take tarewa kai tsaye zai wuce cikin farfelar. Sannan a bi mesar da hannu har bayan injin a tabbatar ba ta lanƙwashe ba. Idan irin mai ɗan akwatin roba ce a bakinta, wadda ake kira AquaStop, to akwai bawul mai aiki da lantarki a cikin akwatin da waya a cikin mesar, don haka ba a tsoma akwatin a ruwa, ba a kuma yanke mesar.

Sai ruwa ya tabbata lafiya ne za a buɗe injin, kuma idan garantinsa bai ƙare ba, gara a kira wakilin da ya sayar da shi. Wanda zai ci gaba da kansa ya zare fulogi, ya rufe famfo, ya sa safar hannu saboda bakin ƙarfen ciki yana da kaifi, ya kuma shimfiɗa tsumma a ƙasa. A yawancin samfuran, ma'aunin yana gefen hagu idan ana fuskantar ƙofa. Ana jawo injin waje, a kwance kusoshin da ke riƙe da murfin gefen, waɗanda galibi masu kan tauraro ne da ke buƙatar sukundireba mai lamba T20. Za a ga wata faffaɗar jakar ruwa ta roba mai haske manne da jikin injin, kuma a wajejen ƙasanta akwai wani ɗan zagaye inda farfelar take, da ɗan allon lantarki ƙarami da aka maƙala a jikinsa da waya. A ɗauki hotonsa da wayar hannu kafin a taɓa shi, domin mayar da shi a karkace ma yana iya hana shi jin maganaɗisun.

A zare wayar a duba bakinta. Danshi yakan sa ƙarfen ya yi tsatsa ko ya yi kore, kuma gogewa da sake cusawa da kyau kan isa wani lokaci. Idan bakin yana da tsabta, a ɓalle ɗan allon a hankali, domin gilashin ba ya jure matsa, a saita mitar gwajin lantarki a inda take ƙara idan waya ta haɗu, a ɗora tsinkayenta biyu a ƙafafun makunnin. Mita za ta yi shiru. A kawo ɗan maganaɗisu kusa, ko da irin wanda ake mannawa a ƙofar firji ne idan yana da ƙarfi, sai ta yi ƙara, a janye kuma ta sake yin shiru. A maimaita sau da yawa, saboda makunnin da ya gaji yakan amsa sau biyu ya ƙi na uku. Idan ya ƙi amsawa sam, ko ya yi ta ƙara babu maganaɗisu, to ya mutu, kuma shi kaɗai ake sauyawa. Yana cikin kayan injin mafi araha.

Idan makunnin ya ci gwaji, zargi ya koma kan farfelar. A samfura da yawa an rufe ta ne a cikin jikin jakar ruwan ta yadda ba a iya ciro ta, don haka idan yashi ko farin ɓawo ya riƙe ta, jakar baki ɗaya ake sauyawa, kuma wannan aiki ne na cire mesoshi da robobin hana yoyo da ya fi dacewa da wanda ya saba. Ko makunni za a saya ko jaka, a kwafi lambar da ke gaban E-Nr a takardar da ke manne a gefen ƙofar injin ko samanta, a tafi da ita wurin mai kaya tare da tsohon abin da aka ciro, domin samfuran suna kama da juna a ido amma kayan cikinsu sukan bambanta. Bayan an mayar da komai, a kunna gajeren wanki babu kwanuka, a tsaya kusa har ruwa ya gama shiga, a haska tocila ƙarƙashin injin da bakin famfo a ga ko akwai ɗigo kafin a tura shi mazauninsa.