Yadda na gyara taswirar aikin wani gidan kasuwanci

Wani ɗan kasuwa a Maraɗi da ke shigo da kaya ta Ɗan Isa, garin da ke kusa da iyakar Najeriya, yana son sauya tsohuwar manhajarsa, amma babu takardar da ke bayyana yadda aiki ke tafiya daga odar kaya zuwa biyan kuɗi. Sai na zaro taswirar aikin daga cikin manhajar, a tsarin BPMN 2.0 wanda ya fito a 2011, wato hanyar zana matakan aiki da akwatuna da kibiyoyi.

Abin da ya fito ba ya karantuwa. Duk ɗan motsin da manhajar ke yi ya zama akwati nasa, sunayen kuma na masu rubuta manhaja ne. Magatakardan ɗan kasuwar ya duba ya ce bai ga aikinsa a ciki ba.

Na fara cire akwatunan da babu kibiyar shiga ko fita, sannan na haɗe ƙananan matakan da ke bin juna a hannun mutum ɗaya. Wannan jerin yana da muhimmanci: in ka haɗe kafin ka share, shara za ta shige cikin manyan akwatuna ta ɓuya. Sunaye na mayar yadda ake faɗa a shago: “karɓi oda”, “biya duwan”, “rubuta bashi”.

Reshe ɗaya na ƙi taɓawa duk da yana cunkusa zanen, wato inda ake ba tsohon abokin ciniki kaya bashi. In an share shi taswira za ta yi kyau, amma sabuwar manhaja za ta hana abin da gidan ke yi kullum.