Goge sakin layin farko kafin ka saki rubutunka

'Yan'uwa masu rubutu, idan kun gama makala, ku koma sama ku cire sakin layin farko gaba ɗaya. Sai ku sake karantawa. Sau da yawa a na biyun ne maganar ta fara da gaske.

Mukan cinye layukan farko wajen share fage: "kamar yadda kowa ya sani", "sanin kowa ne cewa". Mai karatu kuwa yana cikin adaidaita sahu a cunkoson Kantin Kwari, waya a hannu, data na ƙarewa. Kuma Facebook yana datse dogon rubutu bayan 'yan layuka. Idan ba su kama shi ba, ya wuce.

Na taɓa rubutu kan marinar Ƙofar Mata. Na buɗe da dogon bayani kan darajar sana'o'in gargajiya. Da na cire shi, sai rubutun ya fara da wani dattijo zaune a bakin ramin rini, yatsunsa sun yi shuɗi, yana tsoma yadi cikin ruwan baba yana ɗagawa don iska ta buge shi launi ya kama. Wallahi har ni sai da na ji ina son ci gaba da karantawa.

Kada ka jefar da abin da ka cire. In akwai suna, wuri ko kwanan wata a ciki, saukar da su ƙasa.

Amma ban da ta'aziyya ko wasiƙa zuwa ga manya. Can kam sallama da gaisuwa dole ne, ka bar su yadda suke.